Zan iya ɗora wa injina turbo?

Tambaya: Malam, motata mai silinda huɗu ce, lita 1.8, kuma ba ta zo da turbo ba. Na samu wani na hannu, abokina ya ce ɗaurawa kawai za a yi a bakin salansa, ta koma jirgi. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka rabin zancen ya faɗa maka. A duk aikin nan, ɗaurawar ce mai sauƙi.

A cikin turbo, hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai cusa iska cikin silinda. Yanzu injinka da kansa yake shaƙar iska, wadda nauyinta a gaɓar teku psi 14.7 ne (psi ma'aunin matsin iska ne). Ka ƙara masa psi 7, ka ɗura masa ƙarin kusan rabin abin da ya saba. To fetur fa? Nan ake yin ta. Nozul masu fesa wa inji mai da famfon mai an auna su ne daidai cikin injin da ba turbo, kwamfutar motar kuma ba ta san an yi baƙo ba. In ba a sa manyan nozul an sake saita ta ba, iska za ta rinjayi mai, wuta ta yi zafin da ƙarfe ba zai jure ba.

Na taɓa buɗe irin wannan injin. Mai shi ya ce saitin kwamfuta ɓarnar kuɗi ce. Da na ɗaga kan injin, sai ga rami a tsakiyar fistin na uku, ƙaramin yatsana yana shiga, fulogin kuwa ya yi fari fat kamar toka.

Sai matsi. Injin da ba turbo yakan matse iska 10:1, wato ta koma kashi ɗaya cikin goma na girmanta, ko fiye, alhali tsofaffin masu turbo na kamfani 8:1 zuwa 9:1 suke. Matsi a kan matsi shi ke sa mai ya fashe ba bisa ƙa'ida ba, ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Don haka kana bukatar intakula mai sanyaya iska, da bawul mai sakin hayaƙi in matsi ya kai iyaka, kuma ni ban yarda a wuce psi 6 da fistin na asali ba.

Turbo yana juyi sama da 100,000 a minti, baƙin mai ne ransa. Za a ja masa bututun shiga, a huda kaskon ƙasan inji don na komawa, kuma lallai ya gangara; in ya kwanta, shuɗin hayaƙi za ka yi ta bari a baya. Kuloci ma yakan fara sulɓewa.

Fara auna matsin kowace silinda. In injin yana shan baƙin mai tun yanzu, ƙyale shi. Turbon nan kuma, sa yatsa ka girgiza sandarsa: in farfela tana gogar bango, mayar wa mai shi.