Kafin ka zargi na'ura, duba tambayar biza

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi maka murna da samun gurbin digiri na biyu a nan Ingila. Allah ya sa albarka. Ka ce abin da ke hana ka barci shi ne labarin da ka ji cewa yanzu kwamfuta ce ke karanta takardar neman aiki, mutum ba ya ma ganinta, har wani ya ba ka shawara ka cusa kalmomi da farin rubutu wanda ido ba ya gani a cikin CV ɗinka don ka yaudari na'urar. Bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Gaskiya ne, manyan kamfanoni na karɓar takardu ta manhajoji irin su Workday da Taleo da Greenhouse. Sai dai babban aikinsu ajiya ne da tsarawa. Manhajar tana warware CV ɗinka ta zuba shi gida-gida: suna, makaranta, wuraren da ka yi aiki, shekaru. Daga nan ma'aikacin da ke ɗaukar mutane ya bincika da kalmomin da yake nema. Idan ka ƙawata takardar da hotuna da layuka biyu gefe da gefe, tana iya cakuɗa komai, digirinka ya faɗa gurbin adireshi. Farin rubutun nan kuwa, da zarar an warware takardar sai ya fito ɓaro-ɓaro a gaban wanda ke dubawa. Ka bar wannan dabarar tun yanzu.

Abin da ya fi kayar da irinmu yana cikin fom ɗin da ake cikewa. A shekarata ta farko na tura takarda wani kamfani da daddare, kafin in tashi daga kan kujera amsar ƙi ta shigo imel ɗina. Na daɗe ina zargin CV ɗina, ina ta gyara shi. Ashe tambaya ɗaya ce: shin za ka buƙaci a ɗauki nauyin bizarka yanzu ko nan gaba? Na amsa da e, kamfanin kuma ba ya ɗaukar nauyin kowa. Babu wata basira a nan, umarni ne aka ba manhaja ta bi.

Don haka ka san dokar kafin ka taso. Bizar da ake ba waɗanda suka kammala karatu tana ba ka shekara 2 ka yi aiki ba tare da kowa ya tsaya maka ba, kuma gwamnati ta ce za ta rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Bayan ta ƙare sai bizar ƙwararrun ma'aikata, wadda ke buƙatar kamfani mai lasisin ɗaukar nauyin biza, kuma tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashinta na gama-gari fam 41,700 ne a shekara, ko da yake akwai sassauci ga sababbin shiga. Ma'aikatar Cikin Gida tana wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin, kyauta a intanet. Duba sunan kamfani a can kafin ka ɓata darenka. Kuma don Allah kada ka yi ƙarya a tambayar bizar nan, domin doka ta wajabta musu tantance izininka kafin ka fara aiki.

Ba ina wanke ƙirƙirarriyar basira ba ne. A 2018 kamfanin labarai na Reuters ya bayyana cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance masu neman aiki da ya ƙera saboda tana danne mata, don an koyar da ita ne da takardun shekara 10 waɗanda yawancinsu na maza ne. Birnin New York ya fara aiki da doka a Yulin 2023 da ta tilasta a binciki irin waɗannan manhajoji kan son kai, Tarayyar Turai kuma ta sa su a rukunin masu babban haɗari a dokarta ta 2024. Amma wariya ta girmi na'ura. Wani bincike na Kwalejin Nuffield da ke Oxford a 2019 ya gano cewa 'yan tsirarun ƙabilu sai sun tura takardu da ƙarin kashi 60 cikin ɗari kafin su samu amsa daidai da farar fata 'yan ƙasa. Wannan yana min ciwo har yau. Duk da cewa suna na nuna asalin mutum a takarda, ban canza sunana ba, kuma ba zan ce ka canza naka ba.

Za ka haɗu da intabiyu na bidiyo wanda ba kowa a ɗaya ɓangaren. Tambaya ta fito a allo, a ba ka 'yan daƙiƙoƙi ka yi tunani, sai kyamara ta fara ɗauka. HireVue, kamfanin da ke yin manhajar irin wannan intabiyu, ya sanar a 2021 cewa ya daina auna fuska, amma har yanzu ana iya mayar da maganarka rubutu a auna ta. Yi magana a tsanake, ka gwada da wayarka sau da yawa. ChatGPT kuma ka bar shi ya gyara maka Turanci, amma labarin ya zama naka: me ka yi, mutum nawa ka jagoranta, me ya canza. Wasiƙun da ya rubuta daga tushe duk kamarsu ɗaya.

Ga abin da ba wanda ya gaya min. Manyan kamfanoni kan buɗe neman sababbin masu digiri tun Satumba da Oktoba don aikin da za a fara baɗi, wasu su rufe kafin Kirsimeti. Kai kuma karatunka shekara ɗaya ne, ke nan kana sauka ana cikin ɗauka. Makon farko ka nemi ofishin ba da shawarar aiki na jami'arku, ka halarci baje kolin ayyuka, ka karɓi sunan mutumin da kuka yi magana da shi. Aikina na yanzu ta haka na same shi, wata ma'aikaciya ce ta nemo takardata a cikin manhaja saboda ta tuna hirarmu.

Turo min CV ɗinka kafin ƙarshen wata, a tsari mai sauƙi, shafi biyu ko ƙasa da haka, ba hoto, ba ranar haihuwa. Mu zauna a waya mu bi shi layi-layi. Ka gaida mutanen gida.