Amsa ga ɗan yayata mai son zuwa Jidda gyaran esin mota

Ɗana, saƙonka na murya ya iso, shi ne na huɗu a watan nan. Ka ce ka yi wata bakwai a gareji a Ringim, ka iya zuba gas a esin mota, wani ejan kuma ya ce in an sayar da fadamar mahaifinku zai kawo ka Jidda da bizar umara, ni kuma in nemo maka aiki. A nan zan amsa, don sauran yaran ƙauyenmu su karanta.

Maganar biza gajeruwa ce. Bizar umara ta ibada ce, ba a aiki da ita. Wanda ya wuce wa'adi ba shi da igama, wato takardar izinin zama, kullum cikin ɓuya yake, ranar da aka kama shi sai tara da tsarewa da mayarwa gida, gona kuma ta tafi. Kada ka taɓa fadamar nan.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan "na iya zuba gas". Ni ma da ita na zo shekara tara da suka wuce, kuma ita ta kunyata ni. A watana na biyu aka kawo wata Coaster mai jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina, bayanta ba sanyi. Na cika ta da gas ɗin esi mai suna R134a kamar yadda muke yi a gida, sanyi ya zo, direba ya tafi yana murna. Kwana huɗu ya dawo da ita wayam, yana faɗa, tsofaffi sun sha zafi a hanya. Maigidana ya cire kuɗin gas daga albashina, ya kira ni jahili a gaban yaran gareji. Fasfona yana hannunsa a lokacin, ban iya cewa uffan ba. Har yau kalmar nan tana yi mini ciwo.

Gas ba ya ƙarewa don kansa, zagayawa yake yi. In ya ragu, akwai yoyo. A babbar mota kuwa, Hiace ko Coaster ko GMC mai esin baya, yoyon ya fi son bututan alminiyam guda biyu da ke bi ta ƙarƙashin mota tun daga gaba har na'urar sanyi ta baya. Dogaye ne, an riƙe su da kilif mai roba, ƙura da ruwa suna kwanciya a ƙarƙashin robar, ga iskar teku ta Jidda mai gishiri. Bututu ya ruɓe a inda ido ba ya kaiwa.

Wani dattijo ɗan Pakistan ne ya koya mini, Allah Ya saka masa. Ka kwashe ragowar gas, ka raba layin baya da na gaba ka toshe bakinsa, ka hura masa iskar naitirojin har geji, wato agogon auna matsi, ya kai 150, ka rubuta lambar, ka jira. In allura ta sauka, ka san matsalar a baya take. Naitirojin na ce. Iskar kwamfuresan taya tana da laima, tana lalata man esi. Oksijin na masu walda kuwa in ya haɗu da man nan fashewa yake, ko da wasa kada ka gwada. Kuma kada ka dogara ga zuƙe iska kaɗai, wani zoben roban yana mannewa idan ana zuƙa, sai an matsa masa yake buɗewa.

Sannan ka shiga rami da ruwan omo da tocila, ka bi bututu taku taku, kana kwance kilif ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ga ƙura ta yi baƙi ta daskare da mai, tsaya nan. A Coaster ɗin nan, saman tayar baya muka same shi. Da na ɗaga robar sai ga farin gari kamar toka, na shafa kumfa, na jira, sai ga wani ɗan ƙwallon kumfa bai fi ƙwayar gero ba yana tasowa a hankali. Awa uku a rami, gumi har cikin takalmi. Bayan gyara a sake gwadawa, a zuƙe iska sosai, sannan a zuba gas da sikeli daidai nauyin da aka rubuta wa motar, ba da kintace ba.

Yau in layin baya ya gagari wasu a unguwarmu, ni ake nema, alhamdulillahi. Ba ejan ne ya ba ni wannan ba.

Ka tafi Kano, ka nemi ogan da yake da tukunyar naitirojin kuma yake gyaran manyan bas, ka zauna a hannunsa ko shekara biyu. Kuɗin geji da sikeli ni zan aiko, ka saya a Ƙofar Ruwa. Ranar da ka gano yoyo a layin baya da hannunka, ka ɗauko mini bidiyon kumfar, sai mu yi maganar bizar aiki. Ka gaida Yaya, ka ce mata kuɗin taki yana nan tafe kafin ruwa ya zauna.