Shin microRNA zai iya warkar da sankarar jini?

Tambaya: An gano yayana yana da sankarar jini, irin wadda ake kira CLL. Na ji ana cewa microRNA zai zama maganinta. Mene ne shi, kuma ana samunsa yanzu?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya. Har yau ba a amince da wani magani na microRNA ba, don haka ya ci gaba da bin tsarin da likitan jini ya ɗora shi a kai.

MicroRNA ɗan guntun sinadari ne a cikin ƙwayoyin jiki, tsawonsa kamar harafi 22 na rubutun gado. Ba ya ƙera furotin. Aikinsa shi ne ya manne wa saƙon da zai je a ƙera furotin, ya hana a karanta shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun, waɗanda suka gano shi a 1993, sun sami kyautar Nobel a 2024.

Ciwon yayanki shi ne inda aka fara ganin alaƙarsa da sankara. A 2002 George Calin da Carlo Croce suka nuna cewa wasu microRNA biyu, miR-15a da miR-16-1, sun ɓace ko sun ragu a yawancin masu CLL, saboda yankewar wani sashe na kuromosom na 13 (kuromosom su ne ƙunshin da ke ɗauke da rubutun gado a cikin ƙwayar jiki). Waɗannan microRNA biyun ne ke taka wa wani furotin mai suna BCL2 birki. Idan babu su sai BCL2 ya yi yawa, fararen ƙwayoyin jinin da ya kamata su mutu su ƙi mutuwa, su taru a jini da ɓargo. Maganin venetoclax, wanda Amurka ta amince da shi a 2016, wannan furotin yake toshewa. A ganina nan ne marasa lafiya suka fi cin moriyar wannan ilimi.

Ba da microRNA kansa a matsayin magani ne ke da wuya. Jini na farfasa shi da sauri, hanta na kwashe mafi yawansa kafin ya kai ɓargo, kuma guda ɗaya na iya taɓa ɗaruruwan saƙonni, har waɗanda ba a nufa ba. Gwajin MRX34, wani maganin sankara da aka yi da microRNA, an tsayar da shi a 2016 bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta yi mummunan bore, wasunsu suka rasu.

Ki tambayi likita ko an yi wa yayanki gwajin FISH, wanda ke duba kuromosom na ƙwayoyin sankarar. Idan yankewar kuromosom na 13 ce kaɗai aka gani, ciwon yakan tafi a hankali. Idan ta 17 ce, zaɓin magani yakan canza.