Kafin ka kira ɗan sanda, ka sa ɗan kwangila ya sa hannu a kan awo

Assalamu alaikum. Ƙanena, Allah ya yaye maka. Ka ce ka yi aikin tayil a wata filaza mai hawa uku a Jabi, a ƙarƙashin babban ɗan kwangila, wata huɗu ke nan da gamawa kana bin sa naira miliyan 6 da dubu 400, kuma duk kiran da ka yi masa amsa ɗaya ce: mai gini bai biya ba. Kana tambaya ko ka kai shi wurin 'yan sanda, ko ka je ka ɓamɓare tayil ɗinka, ko ka tunkari mai ginin kai tsaye.

Ni wayarin nake yi, shekara 17 ke nan a Abuja, kuma na sha irin ruwan da kake sha. Tambayar da zan fara yi maka ita ce: wannan miliyan 6 da dubu 400 ɗin, lissafin wa ne? Naka ne kai kaɗai a littafinka, ko kuwa akwai takardar da kai da shi kuka sa wa hannu cewa abin da ya rage ke nan? In naka ne kai kaɗai, to ka ajiye maganar ɗan sanda da lauya tukuna, domin har yanzu abin da ke hannunka da'awa ce. Sai ya amsa adadin a rubuce ta zama bashi.

A farkon 2023 na karɓi wayarin wani bene na ofisoshi a wajen Mabushi. Muka yi jinga, aka rubuta a takarda shafi biyu, aka ba ni kafin alƙalami. Ana cikin aiki mai ginin ya sauya shawara, ya ce hawa na biyu ba ofisoshi yake so ba, ɗakin gwaje-gwaje na asibiti zai ba haya. Hakan na nufin waya mai kauri, ƙarin soket, allon rarraba wuta na daban. Injiniyan da ke kula da wurin ya tsaya da ni a kan matakala, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka ci gaba kawai, za mu lissafa a ƙarshe." Mutumin kirki ne, tare muke sallar Azahar a kan kwalayen tayil a ƙarƙashin dakin, wato rufin kankare. Na ji kunyar in ce masa ya rubuta. Na je Dei-Dei na ɗauko kaya bashi wurin wanda na saba saya a hannunsa.

A tsakiyar wannan shekarar aka cire tallafin mai, aka saki naira, kuɗin waya ya tashi yadda kowa ya gani. Kafin mu gama, injiniyan ya bar kamfanin ya koma wani aiki a Kaduna. Ranar da na kai lissafina, wanda ya gaje shi ya buɗe fayil, ya ɗora yatsa a kan takardar nan mai shafi biyu ya ce, "Wannan muka sani. Sauran wa ya sa ka?" Ba ni da abin da zan nuna masa sai maganar kan matakala. Wata biyar ina zarya. Har yau ina tuna bencin katako da ke bakin ofishin, da sakatariyar da tun kafin in gama sallama take ce min oga ya fita, alhali motarsa tana fake a inuwa. Ana jajibirin Sallah yaran aikina shida suka zo ƙofar gidana a Kubwa, ba su ɗaga murya ba, sun zauna ne kawai a kan dakali. Wannan zaman ya fi zagi ciwo. Motata na sayar na sallame su, na rage wa mai kaya na Dei-Dei. A kuɗin ƙarin aikin nan, abin da ya dawo hannuna bai kai rabi ba, shi ma don tsohon injiniyan ya ji tsoron Allah ya rubuto wasiƙa daga Kaduna cewa shi ya ba da umarni.

Shi ya sa nake ce maka ka fara da awo. Yanzu da ɗan kwangilar yake ɗaukar wayarka, ko da ƙarya yake shara maka, ka lallaɓa shi. Ka ce, "Alhaji, na ji ba a biya ka ba, ba kuɗi na zo nema yau ba. Ka turo QS ɗinka, mai auna muku aiki ya ƙiyasta kuɗinsa, ko foman mu auna aikin tare, don kada lissafi ya ɓace mana." Ku bi ɗaki ɗaki da tef, a rubuta murabba'in mita nawa a ƙasa, nawa a bango, nawa a matakala, da farashin kowanne, da abin da aka riga aka ba ka, da ragowar. Ya sa hannu, a buga hatimin kamfani, a sa kwanan wata. In ya ƙi sa hannu, ka tura masa lissafin ta WhatsApp ka nemi ya amsa, ka adana saƙon, ka adana kowane alat na banki da rasit ɗin kaya, da hotunan aikin. Ranar da ka fara yi masa barazana, daga ranar ba zai ƙara rubuta maka ko harafi ɗaya ba, kuma a ranar ce za ka ji cewa tayil ɗinka ya karkace.

Ka shirya zuciyarka kuma, adadin zai iya sauka. A manyan gine-gine ana riƙe wani kaso, yawanci 5 ko 10 cikin 100, wanda muke kira ritenshan. Bisa al'ada ana sakin rabinsa idan an miƙa gini, sauran rabin sai an cika wata shida ko shekara an ga ba abin da ya lalace. In yana cikin takardarku, ba cuta ba ce, sai dai ka rubuta ranar da ya kamata a sake shi don babu mai tuna maka. Akwai harajin da ake cirewa tun daga tushe. In sun cire, ka nemi shaidar cewa sun kai wa hukumar haraji da sunanka, domin wasu cirewa suke yi su zuba aljihu. Sai kuma abin da ya fi ɓata min rai: kuɗin dizal na janareta, hayar sikafol (abin da ake kafawa a hau a yi aikin sama), kwasar shara, tayil ɗin da mai famfo ya fasa bayan ka tafi, duk a jibga maka a ƙarshe. Duk wanda ba a faɗa maka tun farko ba, ka ƙi shi a rubuce, cikin ladabi, ɗaya bayan ɗaya.

Maganar ɓamɓare tayil, ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Abin da aka riga aka liƙa a jikin gini ya zama na ginin. Kana taɓa shi ka tashi daga mai bin bashi ka koma mai ɓarna, kuma a ranar mai ginin da bai san da kai ba zai san ka a caji ofis. Na ga wani mai aluminiyam da ya je da dare ya kwance tagoginsa a Gwarinpa. Kuɗin beli da na lauya suka cinye abin da yake bi, ya ƙare yana ba da haƙuri ga wanda ya cuce shi.

'Yan sanda ma ba hanya ba ce. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi, haka ma dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 da ake aiki da ita a nan Abuja. Na san ana yi, na san wani zai ce maka yana da ɗan'uwa a wani ofishi da zai matsa shi kwana ɗaya kuɗi ya fito. Wani lokaci yana fitowa. Amma ɗan kwangilar da ke da lauya zai juya ya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi, ka wayi gari kai ake bi. Inda hukuma ke da hurumi shi ne in ya ba ka caki ya dawo babu kuɗi a asusun, don wannan laifi ne a dokar ƙasa tun 1977. Saboda haka in kun yi sulhu zai biya kashi kashi, ka roƙi caki mai kwanan wata na kowane kashi. Wanda ya san abin da ke bayan caki ba ya wasa da ranarsa.

Mai gini kuwa, a shari'a ba ka bin sa komai, tunda ba da shi ka ƙulla ba. Wannan yana da ɗaci, ka ga tayil ɗinka ana takawa, an zuba 'yan haya ana karɓar kuɗi, amma haka abin yake. A Amurka ƙaramin ɗan kwangila yana iya ɗora wa ginin kansa alamar bashi har sai an biya shi. A Ingila dokar 1996 ta soke sharaɗin "sai an biya ni in biya ka" a yawancin kwangilolin gini. Mu a nan abin da kuka rubuta shi ne garkuwarka, don haka ka koma ka karanta takardarku da kyau, ka ga ko wannan sharaɗin yana ciki. In babu, rashin biyan mai gini matsalar ɗan kwangila ce, ba taka ba. Kai da shi kuka yi, shi zai nemo.

Duk da haka zuwa wurin mai gini yana da amfani, in ka iya tafiyar. Kada ka je da faɗa, kada ka je a ɓoye. Ka gaya wa ɗan kwangilar cewa tunda matsalar daga can take, za ka rubuta wa mai ginin ko akitet ɗinsa ka roƙi a taimaka. Ka lura da fuskarsa a lokacin. A babban aiki ana biya ne mataki mataki, QS ya auna, a fitar da satifiket, a biya, saboda haka akwai wanda ya san ko an biya kuɗin tayil ko ba a biya ba. Wanda da gaske ba a biya shi ba zai ce mu je tare, har ya nuna maka takardun da shi ma yake bi da su. Irin wannan na yi aiki da su, kuma ban ga laifinsu ba. A farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000, na san 'yan kwangila masu amana da suka durƙushe, suna kuka da hawaye. Da irin wannan sai a yi yarjejeniya ta mutum uku: ya rubuta cewa ya yarda mai gini ya biya ka kai tsaye daga cikin kuɗinsa. Na karɓi kuɗi ta wannan hanyar sau biyu. Amma wanda ya karɓa ya juya kuɗin zuwa wani aikinsa a Lugbe ko Katampe, kana ambaton mai gini zai tashi da faɗa, ya ce kana son ɓata masa suna. To ka gane. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Ka samu dattijon da yake jin kunyarsa, limaminsu ko wanda ya haɗa ku, ka tafi da shi da takardar awo a hannu. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

In ba ta mutu ba, lauya ya rubuta masa wasiƙa da wa'adi, kwana 7 ko 14. Daga nan akwai cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Abuja, wadda ake kira Multi-Door, tana aiki tun 2003. Ana zama ne da mai shiga tsakani, kuma abin da kuka amince alƙali zai iya tabbatar da shi ya zama kamar hukunci. Ya fi shari'a sauri da sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Ka sa lauyan ya duba ko takardarku ta ce sai an je gaban mai sulhu kafin kotu, don akwai sabuwar doka a kan haka tun 2023. In kuma kotun ce dole, tana da gajeriyar hanya ga bashin da adadinsa ya fito fili aka amsa shi a rubuce, kuma a nan za ka gode wa ranar da ka ja tef. Kada ka ce za ka bar shi da Allah na shekaru sannan ka dawo, domin a Abuja bashin yarjejeniya yana da wa'adin shekara 6, in ya wuce kotu ba za ta saurare ka ba.

Ban san halin da kake ciki da yaranka ba, amma in akwai lebura ko mai liƙa tayil da ke bin ka a wannan aikin, ka nemo ko rance ne ka rage musu. Su ba su san Alhaji ba, kai suka sani, kuma abin da kake ji a bakin ofishinsa shi suke ji a ƙofar gidanka. Ni yanzu littafi nake yawo da shi a aljihu, duk ya yi ƙurar siminti. Kowa ya ce in ƙara soket ɗaya, sai ya rubuta ya sa hannu kafin in taɓa bango, kuma idan biya ya makara mako biyu ina tsayar da aiki tun ginin yana buƙatata. Wasu sun ce na cika tsanani, biyu sun daina kirana.

Ka rubuto mana abin da takardarku ta ce a kan lokacin biya da ritenshan, ka rufe sunayen mutane da na kamfani. In babu takarda sam, ka faɗa, sai mu duba saƙonnin da ke wayarka mu ga wanne za a fara da shi.