Ko kukan masu kallo na iya ceto shiri?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hayaniyar masoya na hana a soke shirin barkwanci. Tana taimakawa ƙwarai. A watan Mayun 2018 tashar Fox ta Amurka ta dakatar da Brooklyn Nine-Nine bayan zango biyar. Nan take Twitter ta cika da roƙo, har fitattun 'yan wasa Mark Hamill da Lin-Manuel Miranda suka sa baki. Washegari tashar NBC ta ɗauke shi. Ranar na yi murna, don ina matuƙar son Kyaftin Holt na cikin shirin, mai fuskar nan da ba ta motsi ko yana cikin farin ciki.

Amma ka lura, kamfanin Universal da ke shirya shi ɗan gidan NBC ne, ribar aljihunsu take komawa. Shirin ya kai zango takwas, ya ƙare a 2021.