Gas ɗin firij ba ya ƙarewa haka kawai

Wasiƙun wannan makon kusan duk magana ɗaya suke yi: kaya ya lalace a gida, a kai gyara ko a sayi sabo? Na zaɓi shida. Ɗaya daga ciki ta taɓa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don haka za ku yi haƙuri da tsawon amsarta.

Tambaya: Fankar silin ɗakina ba ta tashi sai na tura ta da sanda, in ta tashi ma tafiyar hawainiya take yi. In nemi sabuwa?

Amsa: Malam, ajiye sandar nan kafin ka lanƙwasa fiffike. Kafasita ce ta mutu, ɗan abin nan mai wayoyi biyu da ke saman fankar, wanda ke ba injin turin farko. A kashe wuta, a ciro ta, a karanta lambar jikinta, a sa mai lamba iri ɗaya. In bayan haka fankar na gurnani, boris ne, wato zoben ƙarfen da injin ke juyawa a kansa, shi ma ana canzawa. Sai ka ji warin ƙuna daga injin sannan za a fara zancen sabuwa.

Tambaya: Firij ɗina shekararsa 6. Sau uku cikin shekara ɗaya mai gyara yana zuwa ya ce gas ya ƙare, ya ɗura, ya yi sanyi wata biyu ko uku ya daina. Yanzu maigida ya ce ya gaji, a fitar da shi a sayo sabo. Mene ne shawararka?

Amsa: Hajiya, ki ce wa maigida ya dakata tukuna, kuma ki daina kiran wannan mai gyaran. Babu kalmar da ke ɓata mini rai a wannan sana'a kamar "gas ya ƙare". Gas ɗin firij ba man mota ba ne da ake ƙonawa. A cikin rufaffen bututu yake zagayawa: kwamfireso, wato injin firij ɗin, ya matse shi ya yi zafi, ya bi bututun baya ya zubar da zafin ya zama ruwa, ya ratsa wani siririn bututu ya shiga ciki, ya koma iska yana zuƙe zafin da ke cikin firij, sannan ya dawo wa kwamfireso. Gas ɗin da aka ɗura a masana'anta shi ne zai yi ta wannan zagaye har firij ya tsufa. In ya ragu, akwai huda a wani wuri. Wanda ya ɗura gas bai nemo hudar ya toshe ba, ruwa yake zubawa a rariya, kuma ke ce mai biyan kuɗin ruwan.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar ba ta tsaya a aljihu ba. Gas ɗin da ke dawowa shi ke sanyaya kwamfireso. Idan ya yi ƙaranci, injin zai yi ta aiki ba hutawa cikin zafi, don sanyin da zai sa ya tsaya bai samu ba. Ga kuma iska da danshi da ke shiga ta hudar suna gurɓata man injin. Wato kowace ɗurar da aka yi miki tana rage wa kwamfireso kwana. Ƙaramar matsala ce ake raino har ta girma, sannan a ce firij ba shi da kyau.

Gyaran gaskiya yana da matakai, kuma kina da damar tsayawa ki gani. Za a ɗura iskar naitirojin a bututun, a bi mahaɗai da kumfar sabulu har a ga inda ke tsartuwa. A yi wa wurin walda. A canza ɗan matacin da ke tsotse danshi. A sa injin zuƙe iska ya kwashe duk abin da ke cikin bututun. Daga nan ne za a ɗura gas, kuma da sikeli, daidai nauyin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin firij. Duk wanda ya zo miki da gwangwanin gas da tiyo kawai, yana taɓa bututu da hannu yana cewa ya isa, ki sallame shi cikin mutunci.

Ki karanta takardar nan da kanki. Za ki ga an rubuta sunan gas ɗin, R134a ko R600a. Ba a musanya su, don kowane da irin injinsa da irin mansa. R600a, wanda yawancin sababbin firij ke amfani da shi, yana kama wuta, kuma ɗan kaɗan ake sawa, giram ne da ba ya kai 150. Shi ya sa ɗura shi da ka ganganci ne, kunna wutar walda kafin a fitar da ragowarsa kuma ya fi ganganci. Wanda ya ga R12 a jikin nasa, wannan tsohon gas ne da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa saboda yana cinye rufin ozon na sararin sama. Firij irin wannan ya ba shekara ashirin baya, wutar da yake sha ma ta isa dalilin rabuwa da shi.

Yanzu tambayar da ba ki so: da me ake ɓamɓare ƙanƙara a gidanki? In da wuƙa ne, to mun kama ɓarawo. Bututun da ke cikin ɗakin ƙanƙara na alminiyom ne mai laushi, tsinin wuƙa sau ɗaya ya ishe shi. Ban san me ya haɗa mutane da wuƙa ba, alhali cire fulogi da ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki zai narkar da komai cikin kwanciyar hankali.

Ga sauran masu karatu, ku sani ba kowane rashin sanyi ne matsalar gas ba. In kana jin firij yana yin "ƙas" bayan kowane ɗan lokaci, injin ya yi gunji kaɗan ya yi shiru, yawanci rile ne, ɗan abin da ke maƙale a gefen kwamfireso, kuma yana cikin mafi arhar kayan gyara. In sanyi ya ragu, ka maƙala takarda a ƙofa ka rufe ka ja: in ta zare ba wuya, robar ƙofa ta saki. In sama na ƙanƙara ƙasa ba sanyi, a irin firij ɗin da ba ya tara ƙanƙara, a duba fankar ciki da abin narkar da ƙanƙara. Sannan a share ƙurar bututun baya, a janye firij daga jikin bango ya sha iska. An yi watsi da firij masu yawa da ba abin da ke damun su sai ɗaya daga cikin waɗannan.

To, a gyara naki ko a sayi sabo? Amsar tana inda hudar take. In a waje take, ko a wurin da hannu ke kaiwa, a gyara, domin firij mai kyau yakan kai shekara 10 zuwa 15, naki kuwa kusan rabin hanya kawai ya ci. In an tabbatar tana cikin bango, inda bututu ke binne a cikin soso, ki haƙura da shi: sai an farke jikin firij kafin a kai gare ta, kuma irin wannan aikin da wuya ya yi ƙarko. In kwamfireso ne ya riga ya mutu, ni ma'aunina shi ne: kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabo, kayan kuma ya ci fiye da rabin shekarunsa, a sayi sabo. In ɗaya ne kawai ya cika, ina karkata ga gyara. Kafin ki biya ko sisi, nemo takardar garanti. Wasu kamfanoni na ba da garantin shekara 10 a kan kwamfireso kaɗai, mutane kuma ba sa karantawa.

Ina dagewa kan gyara ne don na san inda kayan da muke zubarwa ke ƙarewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, wanda aka tattara aka sake sarrafawa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tarayyar Turai tun 2021 ta tilasta wa masu ƙera firij da injin wanki su ci gaba da samar da kayan gyara na shekara 7 zuwa 10 bayan sun daina sayar da samfurin, don kada rashin ƙaramin abu ya kai babban kaya juji.

Ko kin gyara ko kin sayi sabo, ki sa masa na'urar kariya mai jinkirta kunnawa. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, kwamfireso na buƙatar minti 3 zuwa 5 kafin matsin da ke cikin bututu ya daidaita, tayar da shi kafin nan wahalar da shi ne. Kuma ki ɗauki ɗabi'ar da nake yi wa kowa nasiha da ita: hoton rasit, hoton garanti, hoton takardar jikin kaya, duk a ajiye a waya, sannan a manna takarda a baya ana rubuta ranar kowane gyara da abin da aka canza.

Tambaya: Bayan wayata ya ɗago, kamar an hura ta. Ina ɗaure ta da roba, tana aiki lafiya. In ci gaba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba lafiya take ba, kuma roba ba ta ɗaure gobara. Batir ne ya kumbura da iska. Daina caji yau, kada ka danna shi, kada ka huda shi, kada ta kwana kusa da matashinka. Batir abu ne mai tsufa: Apple ma ta ce na iPhone 14 da waɗanda suka gabace shi an ƙera su ne su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500. In wayar na samun sabuntawar tsaro har yanzu, canza batir kawai. In kamfanin ya daina aiko mata, kuma da ita kake harkar banki, sayi wata.

Tambaya: Talabijin ɗinmu yana magana amma hoto ya ɗauke, baƙi ƙirin.

Amsa: Kunna shi a ɗaki mai duhu, ka haska tocila dab da gilashin. In ka hango inuwar hoto, fitilun baya ne suka mutu, ana canza su, gyara ya fi. Bayan gyara ka rage hasken baya daga ƙarshen ma'auni, shi ke ƙona su da wuri. Gilashin da ya fashe kuwa ba na ba da shawarar gyaransa, don shi ne mafi tsada a jikin talabijin.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Kwamfutar cinyata ta 2016 tana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta buɗe. Ƙawayena sun ce ta tsufa.

Amsa: Ƙanwata, ƙawayen naki ba su buɗe ta sun gani ba. Ina kyautata zaton tsohon faifai mai juyawa ne a ciki. A sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri da ba ta juyawa, a kai RAM ɗinta, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, gigabait 8, za ki ɗauka an canza miki ita. Abin lura shi ne manhaja. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana neman wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wanda kwamfutar 2016 ba ta kai ba. In aikinki rubutu ne da intanet, sa Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, kyauta ce kuma ita nake sa wa tsofaffin kwamfutoci. In karatunki ya dogara da manhajar da sai a Windows take aiki, ki fara tanadin wata. Kafin kowa ya taɓa ta da sukudireba, ki kwafe takardunki a wuri biyu.

Tambaya: Maikurowef ɗina yana juyawa, fitila na kamawa, amma ba ya ɗumama komai. Na ga bidiyon yadda ake buɗe shi, zan gwada da kaina.

Amsa: Kada ka kuskura. A cikinsa akwai kafasita mai aiki da wutar da ta kai bolt 2,000, tana iya riƙe ta bayan an cire fulogi, kuma tana kisa. Kai wa wanda ya san aikin. In fis ne ko diyod ko makunnin ƙofa, a gyara. In ya ce magnetiron ne, wato abin da ke samar da zafin, kuma na'urar ƙarama ce da ta kwana biyu, sayi sabuwa, tsohuwar kuma ka miƙa ta ga masu karɓar kayan lantarki a rufe yadda take.