Ƙwan LED mai aiki da dima: in zuba jarina ko in dakata?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan wuta a Kano ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: kwastoma ya sayi ƙwan LED guda 20 a wajensa don sabon gida, bayan sati ya dawo da su wai sai kiftawa suke yi kuma ana jin zzz da zarar an murɗa dima, makunnin nan da ake rage haske ko a ƙara da shi. Yana so ya san wa zai ɗauki asarar, sannan yana da dubu 300 a hannu, ko ya zuba su a ƙwayayen da suke aiki da dima tunda masu sabbin gidaje sun fara tambaya.

Toh Malam, ni dai ina ganin ƙwayayenka ƙalau suke, haɗin ne bai yi ba. Dima ba rage wuta take yi a hankali ba kamar yadda mutane suke zato, datsa ta take yi gutsi-gutsi da sauri sosai, tsohon ƙwan nan mai zafi ba ruwansa don waya ce kawai a ciki take yin ja, amma LED akwai ɗan injin lantarki a gindinsa wanda in ba don dima aka ƙera shi ba to rikicewa yake, shi ne kiftawar da ƙarar, kuma in aka matsa masa sai ya mutu da wuri. Ka duba kwalin, in ba a rubuta dimmable ba, wato mai aiki da dima, kar ka ba mai dima ko da shi ya nace. Shi kuwa ƙwan nan mai murɗe-murɗe da muke cewa enaji, yawancinsa ma kwata-kwata ba ya shiri da dima.

Inda 'yan kasuwa suke faɗawa rami kuma shi ne su ɗauka da an samo ƙwan mai dimmable an gama. Ita kanta dimar iri biyu ce. Tsohuwar, wadda ake rubuta wa leading edge, don ƙwan zafi aka yi ta kuma da yawansu sai an ɗora musu kamar wat 40 kafin su daidaita, alhali LED ɗin da yake ba da hasken tsohon mai wat 60 wat 9 kacal yake ci, ka ga ƙwai biyu a ɗaki ba su ma kai ta ji an ɗora mata komai ba. Wadda ta fi jituwa da LED ita ce trailing edge, ko wadda aka rubuta LED ɓaro-ɓaro a jikinta. Kuma in ka ga 400W a kan tsohuwar dima kar ka ce ai za ta ɗauki ƙwai 40, masu aikin sukan yi lissafi da kashi ɗaya cikin goma ne in LED za a sa. Ga kuma wasu masu wayarin da sai su ɗauko regiletar fanka su maƙala a matsayin dima, wlh wannan ba ƙaramin ɗaukar alhaki ba ne. Ka haɗa da wutarmu da take zuwa wani lokacin ba ƙarfi, ga ƙaramin janareta, ga inbata mai araha, duk suna sa ƙwan ya yi rawa ko da kayan masu kyau ne.

Maganar asara ba ta da tsawo. In bai gaya maka dima gare shi ba to ba hakkinsa a kanka, amma mutumin da yake gini bai gama sayayya ba, akwai soket akwai waya akwai fanka a gaba. Ka gwada su a gabansa, masu kamawa ka karɓa ka canza masa da wani kaya ya yi ciko, kar ka mayar da tsabar kuɗi, su ƙwayayen ai gobe wani zai saya. Waɗanda suka ƙone nasa ne.

Dubu 300 ɗin kuwa gaskiya ban ba ka shawara ka zuba duka ba, wannan kaya ne na 'yan tsiraru, masu falon POP, otal, wajen cin abinci, shagon kwalliya. Mutumin unguwa da yake neman haske kafin a ɗauke wuta ba ya neman abin rage shi, kuma ƙwan dima ya fi na gama-gari tsada, in ya yi maka kwantai jarin ya kwanta kenan alhali a ce waya da soket ka saro da tuni kuɗin sun juya. Ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ka shiga Sabon Gari ko ka kira dilanka na kasuwar Alaba ta Legas ya turo maka samfur, dima kala biyu ƙwai kala uku, ka kafa su a katako a shago ka gwada da wutar NEPA ka gwada da janareta, ka murɗa har ƙasa don a nan ake gane mai kiftawa. Haɗin da ya zauna lafiya shi za ka saro kuma a tare za ka dinga sayarwa, ƙwai da dimarsa farashi ɗaya, ribarka tana cikin wannan haɗin da ka gwada don maƙwabcinka ƙwai kawai yake miƙawa. Babban oda kuwa sai an ba da kafin alƙalami.

Wajen talla ka faɗi gaskiya, rage kuɗin wuta daga LED ɗin yake zuwa, dima ɗan ƙari ne kawai, jin daɗi ake saya da ita. Tun Afrilun 2024 da NERC, hukumar da take kula da harkar wutar lantarki, ta ɗaga wa 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wa wuta, kuɗin yunit zuwa naira 225 kafin a ɗan sassauta, masu mita sun koyi lissafi. Bambancin wat 60 da wat 9 shi ne 51, awa biyar kullum na wata guda ya haura yunit 7 da rabi, ko a naira 200 ka ɗauka wajen 1,500 kenan a ƙwai ɗaya. Rubuta wannan a kwali ka rataye.

Ka kula da gindi, mai fin B22 da mai zare E27, na silin kuma galibi GU10. Masu dima sun fi son haske mai ruwan ɗorawa 2700K ko 3000K, ba farin 6500K da ya cika kasuwa ba. Ƙwan da ake sarrafawa da rimot ko waya shi ba a haɗa shi da dimar bango, makunni na yau da kullum yake so, kuma ga wanda ba ya son a taɓa masa wayarin shi ne mafita. Masu wayarin na yankinka ka ja su a jiki da 'yar la'ada tunda su suke rubuta wa mai gida abin da zai saya, sannan daga yau duk wanda ya zo sayen ƙwai sama da biyar ka tambaye shi wane irin makunni ne a gidan, ka rubuta amsar a rasit, ka sa kwanan wata da biron maka a gindin kowane ƙwai.